Kalmar "name" ba raɗin suna kaɗai ba ce

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana a kan kalmar Turanci guda ɗaya mai haruffa huɗu. Yaron aji ɗaya na firamare ya san ta, amma tana kayar da ɗalibai a ɗakin jarrabawa, tana kuma kayar da manya a teburin fassara. Kalmar ita ce "name". Ba wadda ake gani a saman fom ana cike gurbinta muke nufi ba, wannan ba ta da wata rigima. Muna nufin "name" idan ta zo a matsayin aikatau. Mu malaman Turanci ne da masu fassara a nan Jos, kuma abin da ya dame mu shi ne yadda ake ba wannan aikatau fassara ɗaya ko biyu a labaran Hausa, alhali aikin da take yi ita kaɗai a Turanci, Bahaushe ya rarraba shi ga kalmomi da dama: raɗa suna, yin takwara, ambata, bayyanawa, zaɓe, naɗi, yankewa. Wanda ya ɗauki wannan ya ɗora a gurbin wancan, wani lokaci ma'ana ce kawai za ta karkace, wani lokaci kuwa mutuncin wani bawan Allah ne zai zube.

Mu fara daga ranar suna, domin nan ne tushen. Kwana bakwai da haihuwa, an taru da sassafe, an raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, sai a ce an raɗa wa yaro suna Musa. Bature zai ce "They named the boy Musa." A dubi yadda aka jera jimlar: aikatau, sai wanda aka raɗa wa, sai sunan kansa, ba wata kalma a tsakani. Wannan jeri shi ne duk sirrin, kuma a nan ɗalibanmu suka fi zamewa. Za ka ga an rubuta "They named the boy as Musa", ko "They named him with Musa", ko ma "They put him the name Musa". Dalilin bai ɓuya ba. Jimlar Hausa tana da "wa" ko "masa", tana kuma da kalmar "suna" a fili, sai ɗalibi ya shiga nema wa kowacce gurbi a Turanci. To Turanci ya riga ya haɗiye su duka a cikin aikatau ɗin. Duk abin da aka ƙara, ƙari ne da ke ɓata jimla, kuma wannan "as" ɗin musamman ba ɓata jimla kawai take yi ba, ma'ana take sauyawa gaba ɗaya. Za mu dawo kanta.

Kuskure na biyu ya fito ne daga kalmarmu "an". Hausa tana da sauƙi a nan: an raɗa, an sa, an kira, ba sai an faɗi wanda ya yi ba. Turanci ba shi da irin wannan, sai ya juya jimlar ya ce "He was named Musa." Wannan "was" dole ce. Idan ɗalibi ya yar da ita ya rubuta "He named Musa", bai ce sunansa Musa ba, cewa ya yi shi ne ya ambaci sunan Musa, kamar a ce an tsare mutum ana tambayarsa wa ya aike shi, sai ya ce Musa ne. Ana yar da "was" idan kalmar ta biyo bayan mutumin kai tsaye tana siffanta shi: "a boy named Musa", yaro mai suna Musa.

Furuci ma yana da nasa. "Named" gaɓa ɗaya ce, ana cewa "neimd", ba "ne-med" ba. Ƙa'idar ita ce, ɗafin "-ed" ba ya zama gaɓa mai zaman kanta sai kalma ta ƙare da sautin t ko d, kamar "appointed" da "nominated". Harshen Bahaushe bai saba da baƙaƙe biyu a jere a ƙarshen kalma ba, shi ya sa ko dai ya cusa wasali a tsakani, ko ya sauke d ɗin ya ce "neim". Na biyun ya fi illa, domin da zarar d ta faɗi, alamar cewa aikin ya wuce ta tafi da ita. A rubutu kuma, e tana faɗuwa a "naming", ba a rubuta "nameing", ba a kuma ninka m.

Sai bambancin "name" da "call", wanda a ganinmu babu wanda ya fi Bahaushe cancantar ya gane shi, saboda al'adarmu ta riga ta raba su. Akwai sunan yanka, akwai sunan da ake kiran mutum da shi. Yaro ya ci sunan kakansa, uwarsa ba za ta iya faɗin sunan surukinta ba, sai a sakaya a riƙa ce masa Abba ko Baffa. Yarinya ta ci sunan kakarta, ta zama Ummi. Wani an haife shi ranar Lahadi ya tashi Ɗanladi, wata ranar Talata ta tashi Talatu. "Name" aiki ne na rana ɗaya, an yi an gama. "Call" kuwa abin da baki ke yi ne kullum. Saboda haka jimlar da ta dace ita ce "He was named Muhammadu but everyone calls him Abba." Wanda ya ce "everyone names him Abba" ya mayar da kowace safiya ranar suna. Gaskiya ne Ingilishin Ingila yana yawan cewa "a man called Musa" a inda na Amurka zai ce "a man named Musa", kuma duka biyun daidai ne. Amma a nan suka tsaya da yin tarayya. A kula kuma da "He called me names". Ba sunaye ya kira ba, zagi ya yi.

Tunda mun zo nan, bari mu taɓa wasu maganganu uku da suka zauna daram a Turancin Najeriya. Mutum zai miƙe a taro ya ce "My names are", don yana da suna uku. A daidaitaccen Turanci duk jerin sunan mutum abu ɗaya ne, "My name is" ake cewa ko da sunayen sun kai biyar. Haka nan "He answers Musa" da "What name do you bear?" A kasuwar Terminus kowa zai gane, ba kuma muna raina Turancin da mutane ke yi da juna ba ne. Sai dai mai duba takardar WAEC ko NECO ba zai karɓa ba, kuma yaranmu su ne ke biyan kuɗin wannan da makinsu.

Yanzu ga inda muka fi so mu daɗe, wato "named after". Kalmar "after" tun daga firamare aka koya mana ita da ma'anar "bayan", kuma wannan koyarwa ce ke jefa mai fassara a rami. "The airport was named after Yakubu Gowon" ba ta nufin an sa wa filin jirgin suna bayan Gowon ya yi wani abu ko ya bar mulki. Tana nufin filin jirgin da ke Heipang ya ci sunansa, an sa masa sunan Yakubu Gowon. Babu maganar lokaci a ciki ko kaɗan. Mutumin na iya kasancewa da rai, yana iya kasancewa ya rasu. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne sau da yawa abubuwan biyu kan haɗu: filin jirgin saman Legas an sa masa sunan Murtala Muhammed ne bayan an kashe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976, Jami'ar Ife kuma ta koma Jami'ar Obafemi Awolowo a 1987, shekarar da ya rasu. Sai mai karatu ya ɗauka "after" ɗin ta rasuwar ce. Ba ita ba ce. Ta takwara ce. Idan mutum ne aka yi wa, Hausa tana da kalmomi masu daɗi da ba ma buƙatar aro: ya ci sunan wane, an yi wa wane takwara, mai sunan Malam. "Namesake" ita ce takwara.

Abuja kanta darasi ce a wannan babi. Sunan ya samo asali ne daga Abu Ja, ɗan gidan sarautar Zazzau ta Haɓe, wanda ya kafa garinsa a 1828 aka riƙa kiran garin da sunansa. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A Turanci ga yadda za a jera: tsohon garin "was named after Abu Ja", daga baya "it was renamed Suleja", shi kuma wannan suna "after Sulaimanu Barau". Duk malamin da ke koyarwa a Abuja yana da allo a buɗe a kan tituna. Ahmadu Bello Way, Aminu Kano Crescent a Wuse 2, Shehu Shagari Way. A Asokoro akwai titunan da suka ci sunayen shugabannin Afirka irin su Nelson Mandela da Kwame Nkrumah da Julius Nyerere, a Maitama kuma akwai waɗanda suka ci sunayen koguna, Nile da Amazon da Mississippi. Wannan na ƙarshe yana nuna cewa ba mutum kaɗai ake yi wa "named after" ba. Ita kanta Najeriya sunan kogin Neja ta ci, kuma 'yar jarida Flora Shaw ce ta ba da shawarar sunan a jaridar The Times ta Landan a Janairun 1897. Amma a lura, Bauchi Road da Zaria Road na nan Jos ba karramawa aka yi wa Bauchi da Zariya ba, hanyoyin ne suka nufi can, don haka "called" ta fi zama da su.

Amurkawa sukan ce "named for" a maimakon "named after", ma'anar ɗaya ce. Mai fassara labaran kamfanonin dillancin labarai na Amurka zai riƙa cin karo da ita, kada ya ce "an raɗa masa suna domin wane" kamar wata alfarma aka yi.

Harkar lafiya ma ta shigo ciki. Zazzaɓin Lassa ya ci sunan garin Lassa ne na jihar Borno, inda aka fara gano shi a 1969, kuma mutanen Jos suna da tarihi da shi domin nan aka kawo wadda ta fara kamuwa. Ebola sunan wani kogi ce a Kwango. Da aka ga yadda irin wannan suna ke manne wa gari da mutanensa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2015 cewa a daina sa wa sababbin cututtuka sunan wuri ko mutum ko dabba. Shi ya sa cutar da ta ɓulla a Wuhan aka sa mata COVID-19 ranar 11 ga Fabrairun 2020 ba tare da sunan garin ba. A labarin irin wannan, "named" tana nufin hukuma ta sa suna a hukumance, kuma "sa wa" ta fi "raɗa wa" dacewa, domin raɗi na ɗan Adam ne da liman da rago.

"Rename" tana bin jerin uwarta sak: aikatau, abin da aka sauya wa suna, sabon suna. Ranar 12 ga Yunin 2019 Shugaba Buhari ya sauya wa babban filin wasa na Abuja suna, a Turanci "He renamed the stadium Moshood Abiola National Stadium", ko "He renamed the stadium after Abiola". Na farko ya faɗi sabon sunan, na biyu ya faɗi wanda aka karrama. A kwamfuta ana yawan ganin "rename to", kuma a can ta zauna, amma a rubutun jarrabawa da na jarida gara a cire "to" ɗin. Mutum kuwa ba a cika yi masa "rename" ba. Matar da ta yi aure ko wanda ya gyara sunansa don ya dace da na NIN da BVN, "changed her name" ko "changed his name" ake cewa. Jaridu sun san wannan fiye da kowa, domin su ke buga sanarwar bayan mutum ya yi rantsuwa a kotu, da lafazin nan da aka saba, "formerly known as" da "now wish to be known and addressed as". Mai karɓar irin wannan talla ya dubi haruffan sunan ɗaya bayan ɗaya da takardar rantsuwar a hannunsa. Muhammad da Mohammed da Muhammadu a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin na'urar banki mutum uku ne, kuma harafi ɗaya da ya kuskure a sanarwa yana sa mai ita ya sake biyan kuɗi ya sake jira.

Akwai 'yan'uwan "name" da jaridun Turanci ke so, kuma kowacce da launinta. "Dub" ta fi kowacce fitowa. Asalinta tun ƙarni na 11 ne a Ingila, lokacin da sarki kan taɓa kafaɗar jarumi da takobi ya ba shi muƙami, al'adar da ta haifi laƙabin "Sir" da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka samu. A yau ma'anarta laƙabawa ce, wato sunan da jama'a ko 'yan jarida suka manna wa mutum ko wuri ba a hukumance ba. Jos "was dubbed the Tin City" saboda kuza. Tafawa Ɓalewa an yi masa laƙabi da mai muryar zinare. Margaret Thatcher wata jaridar sojan Tarayyar Sobiyet ce ta laƙaba mata "Iron Lady" a 1976 da niyyar suka, ita kuma ta rungumi sunan. Don haka fassarar "dubbed" ita ce "da aka yi wa laƙabi da" ko "da ake yi wa kirari da", gwargwadon ko yabo ne ko akasinsa, ba "mai suna" ba. Ana ninka b a rubutu, "dubbed", furucin kuma gaɓa ɗaya. Akwai wata "dub" dabam ta ɗora murya a kan fim, irin yadda ake mayar da finafinan Indiya Hausa, ba su haɗa asali ba.

"Christen" tana buƙatar hattara, musamman a gari irin namu inda Musulmi da Kirista ke karanta jarida ɗaya. Asalinta baftisma ce, sa wa yaro suna a coci. Daga nan Turawa suka faɗaɗa ta zuwa sa wa jirgin ruwa suna, marubutan Najeriya kuma suka ƙara faɗaɗa ta har ana cewa an yi wa titi ko shiri "christen". Ga titi ba laifi. Ga ɗan Musulmi ko masallaci ko makarantar Islamiyya, "named" ita ce daidai, kuma marubucin da ya san asalin kalmar ba zai yi wannan kuskure ba. Harafin t a cikinta ba a furta shi. "Nickname" ita ce inkiya ko laƙabi, tana kuma zama aikatau da jeri irin na "name". "Tagged" kamar a "a programme tagged", tamu ce ta gida, a waje "titled" za a ce. "Entitled" tana da fuska biyu: littafi "entitled" kaza, wato mai taken kaza, amma mutum "entitled to" kaza, wato yana da haƙƙin abin.

Waɗanda suka fi haɗari su ne "branded" da "labelled" da "so-called" da "self-styled". "Brand" daga ƙarfen da ake ƙonawa a yi wa dabba shaida ta fito, saboda haka "He was branded a thief" tana nufin an manna masa sata, kuma marubucin yana nuna cewa faɗar wasu ce, ba tasa ba. Mai fassarar da ya ce "ɓarawon" ya ɗauki zargin wani ya mayar da shi hukuncin jaridarsa. "So-called" kuwa sau da yawa "wai" ce ta Bahaushe, mai ɗauke da shakka. Idan aka fassara ta da "da ake kira" kawai, an zubar da shakkar. Idan kuma aka sa "wai" a inda marubucin ke gabatar da sabuwar kalmar kimiyya ce kawai, an ƙirƙiri rainin da babu shi. Sai an karanta sakin layin duka kafin a yanke.

Ga ɗalibai, a taƙaice. Idan tambaya ta ce "Name three rivers in Nigeria", sunaye uku ake nema, Neja, Binuwai, Kaduna, shi ke nan. Ba a neman bayani, kuma wanda ya cika rabin shafi ya ci lokacin tambayar da ke cewa "explain" ko "describe", inda makin yake. A ciniki "Name your price" tana nufin faɗi kuɗinka, "name a date" kuma tsayar da rana. "You name it" a ƙarshen jeri tana daidai da "duk abin da ka sani".

Mu koma kan "as" da muka ajiye. Idan aka ce "Police named the man as Musa", 'yan sanda ba su raɗa wa kowa suna ba. Mutumin yana da sunansa tun ranar da aka yanka masa rago, su dai sun bayyana shi ne ga jama'a. Fassarar ita ce "'yan sanda sun bayyana sunan mutumin da Musa" ko "sun ce sunan mutumin Musa". Wannan ita ce "name" ta labaran haɗari da kotu da bincike, kuma a nan ne kuskure ke da tsada. "He was named as a suspect" tana nufin an ambace shi cikin waɗanda ake zargi. "He was named in the report" ta ma fi wannan rauni: sunansa ya fito a rahoton, ƙila a matsayin shaida, ƙila a matsayin wanda aka cuta. "Named in the suit" tana nufin yana cikin waɗanda ƙarar ta ambata. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nufin an same shi da laifi, ko an kama shi, ko yana da hannu. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Muna ganin kanun labarai na Hausa da ke tsallake wannan, Turancin ya ce "named", Hausar ta ce "an bankaɗo" ko "an gano hannun wane". Mutumin yana da mata da 'ya'ya da maƙwabta da ke karantawa, kuma gyaran da za a buga bayan kwana uku ba ya isa inda labarin farko ya isa.

A wannan layi akwai "unnamed source", wato majiyar da ba a bayyana sunanta ba, ba majiya mara suna ba. Akwai "who asked not to be named", wanda ya nemi a sakaya sunansa, kuma Hausa ta riga ta tanadi wannan lafazi mai kyau. Akwai "who cannot be named for legal reasons", wanda doka ta hana a faɗi sunansa, galibi ƙaramin yaro ne da ke gaban shari'a, abin da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta kare. A lura "for" ɗin nan ba ta takwara ba ce, ta dalili ce. "Name names" tana nufin fitowa fili a faɗi su wane ne, "name and shame" kuma fallasa ce da gangan, irin wadda bankuna suka yi a 2015 da suka buga sunayen manyan masu riƙe da bashi a jaridu bisa umarnin Babban Banki.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi shafar teburinka, Malam Edita. Jaridun Turanci suna son "names" a kanun labari saboda gajarta ce, haruffa biyar, ta fi "appoints" da "nominates" da "announces" sauƙin shiga layi. Sai ta zama buhu ɗaya da ake zuba abubuwa uku mabambanta. "Coach names squad", koci ya fitar da sunayen 'yan wasa. "Named best player", an zaɓe shi gwarzo. "President names ministers" kuwa ita ce tarkon. Bisa sashe na 147 na Kundin Tsarin Mulki, shugaban ƙasa yana miƙa sunaye ne ga Majalisar Dattawa, ita ta tantance ta amince, sannan a naɗa a rantsar. Ranar da Turanci ya ce "names", yawanci mataki na farko ake ciki, an aika sunaye. Idan Hausa ta ce "ya naɗa ministoci" a ranar, ta riga majalisa yanke hukunci, kuma an sha ganin wanda sunansa ya je majalisa bai fito ba. Kalmar "naɗi" a kunnen Bahaushe tana da nauyin rawani, abu ne da ya tabbata, shi ya sa dangi kan fara taruwa ana barka tun ba a je ko'ina ba. Haka abin yake ga kwamishinoni a gaban majalisar dokokin jiha. Amma muƙamin da ba ya buƙatar amincewar majalisa, kamar mai magana da yawun shugaba, a nan "named" naɗi ce kai tsaye, kuma a wannan ma'ana ana iya sa "as" ana iya barinta: "named him spokesman" da "named him as spokesman" duk sun halatta.

Roƙonmu shi ne a sa wa masu fassara ƙa'ida cewa kada a fassara kanun da ke ɗauke da wannan kalma sai an karanta aƙalla sakin layi biyu na farkon labarin, domin a nan ne marubucin Turancin kan saki ainihin aikatau ɗin, "nominated" ko "appointed" ko "identified" ko "charged". Wanda aka samu a ciki, shi za a ɗora a kanun Hausa: ya miƙa sunaye, ya naɗa, sun bayyana, an gurfanar.

Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Naku,
Wasu malaman Turanci da masu fassara,
Jos, Jihar Filato.